Harafin da Is'haƙa Mani Bai Ji Ba

A farkon shekarun 1990, unguwar da ke bayan tashar mota ta Dogon Dutsi ba ta cika ba tukuna. Gidajen ƙasa ne jefi-jefi, a tsakaninsu kangaye da ake shuka wake da kuɓewa da damina, kuma daga kowane lungu mutum na iya ɗaga kai ya hango jan dutsen da garin ya ci sunansa. Famfo ɗaya ne a unguwar. Gabas da shi akwai shingen waya, inda ma'aikatan gandun daji ke renon 'ya'yan itatuwa a cikin baƙaƙen ledoji, bagaruwa da gawo da dogon yaro, jeri bayan jeri. Mutanen ƙauye masu shigowa da itace a kan jaki sukan kewaye wannan shinge daga nesa, domin a wancan zamani mai koren kaki ba abokin hira ba ne. Da tara aka san shi.

Daura da shingen rumfar Mani tela take. Shi ke ɗinka wa ma'aikatan kakinsu, shi ke liƙa galo a kafaɗar wanda aka ƙara wa girma. Ba'are ne daga wajen Lugu a Arewa, ƙasar Arawa, amma tun da ya shigo gari ya yanke hulɗa da duk abin da ya shafi bori, har ya hana a ambaci sunan iska ko doguwa a gidansa. A wannan gida aka haifa masa Is'haƙa a shekarar 1980. Ya tashi yana jin Hausar Arawa a kasuwa da bakin famfo, amma akwai wani sashe nata da bai taɓa shiga kunnensa ba.

Ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Dutsi har ya samu birbe, takardar ƙaramar sakandare. Bak, jarrabawar gama babbar sakandare, ta gagare shi sau biyu, sai ya shiga makarantar ayyukan karkara, ya fito a 2003 da takardar ƙaramin ma'aikacin gandun daji. Aiki ne mai matakai irin na soja, kuma takardar da mutum ya shigo da ita ita ke yanke masa inda zai tsaya. Mai irin takardar Is'haƙa yana sintiri, yana dasa itace, yana kashe gobarar daji, yana iya riƙe ofis idan babu kowa. Amma ba a naɗa shi shef na kwamin, wato shugaban ma'aikatan gandun daji na gunduma, sai ya ci jarrabawar ƙarin girma da ake ce wa konkur, ya koma makaranta shekara biyu. Ƙa'idar da aka karanta masa ta ce ba a zama konkur sai da shaidar darakta a rubuce, kuma wanda ya wuce shekara arba'in an rufe masa ƙofa. Wannan kujera ta shef ita Is'haƙa ya sa a gaba tun ranar da ya sa kaki, ita ce kuma ta kusa kuɓuce masa saboda harafi ɗaya.

A rani na 2004 aka tura shi Garin Kwana, wani ƙauye a kan hanyar Dogon Kiriya, ya zama marubucin ayarin da zai bi burtali. Burtalin nan shi ne hanyar da shanu ke bi su haura arewa da farkon damina, su dawo bayan girbi, kuma ana so a rubuta iyakarsa kafin gonaki su cinye shi. Mai faɗin iyaka shi ne Iro, manomi, wanda ya gaji sanin gonakin garin daga ubansa. A madadin makiyaya kuwa Modibbo ne, Bafillacen da danginsa suka shekara fiye da hamsin suna zaune a gefen garin. Ayarin ya yi tafiya tun safe. Da rana ta take, suka tsaya a gindin wasu marke guda uku, aka gaji, aka ce sauran hanyar Iro ya faɗa da baki. Iro ya ɗaga sanda wajen arewa ya ce daga nan burtali ya miƙe har tsamiyad doguwa.

A bakin Arawa, harafin da ke haɗa suna da suna yakan narke cikin wanda ke gabansa. Inda Bakano zai ce rigar sarki, Ba'are rigas sarki yake cewa. Saboda haka tsamiyar da doguwa, wato aljana, ke zaune a cikinta, tsamiyad doguwa ce, tsamiya mai tsawo kuwa tsamiya doguwa. Bambancinsu d ɗaya ne, wanda harshe ke ɗan jinkiri a kansa. Is'haƙa yana da shekara ashirin da huɗu, yana ji da Hausa yana rubutawa da Faransanci a lokaci guda. Ya ɗaga kai ya hango wata tsamiya a kan tudu da ta fi kowane itace tsawo, ya rubuta cewa iyaka ta tafi har babbar tsamiya. Babu wanda ya ce a karanta wa dattawa abin da aka rubuta. Suka dangwala yatsa, aka buga tambari, takarda ta shiga kabad.

Shekara goma sha biyar ba ta cutar da kowa ba, domin shanu ba takarda suke bi ba. Is'haƙa ya yi aiki a wurare uku a cikin waɗannan shekaru, ya kai muƙamin ajidan. Ya auri Ramatu, malamar lakwal a Dutsi, suka haifi 'ya'ya uku, babbar ita ce Amira. Iyalin suna gari, shi yana ƙauye a ɗaki ɗaya bayan ofishin magajin gari, yana zuwa gida sau biyu a wata idan hanya ta yarda. Ya zauna konkur sau ɗaya ya faɗi a lissafi. A 2016 shef na kwamin ɗin da Garin Kwana ke ciki ya yi ritaya, aka ba Is'haƙa riƙon ƙwarya. Ƙauyuka arba'in da bakwai ne, ma'aikata biyu, babur ɗaya, wanda suke ce wa moto. Da kaka yana tara mutane a share layin tare gobara. Da bazara yana bin gonaki yana lallashin manoma su bar toho biyu ko uku a kowane kututture idan suna sassabe. Mutane sun lura ba ya saurin ciro takardar tara, sai suka fara kiransa tun kafin rigima ta girma.

A watan Fabrairu na 2019 aka samu wani shiri da zai kafa turakun siminti a burtalin Garin Kwana. Daraktar gandun daji ta yankin, Kumanda Hafsat, ta kira shi Dutsi ta gaya masa abu biyu. An buɗe konkur, za a rufe karɓar takardu a ƙarshen Maris. Kuma takardarsa ta 2004 ce aka zana taswirar shirin a kanta, don haka ita za ta sa a saman dosiyensa, wato fayil ɗin takardunsa na neman konkur. Shekararsa talatin da tara. Bayan wannan babu wata.

An kafa turaku talatin da ɗaya lafiya, daga kudu har marke uku. Daga nan magina suka karkata yamma suka hau tudu, suka kafa goma sha ɗaya a tsakiyar gonakin gero. Rana ta uku da hantsi sai ga amalanken jaki ɗauke da Iro, wanda yanzu ba ya iya doguwar tafiya, Modibbo na biye da sandarsa a wuya.

"Wa yas sa ku gina nan?" in ji Iro, bai ko yi sallama ba.

Is'haƙa ya durƙusa ya gaishe shi. "Baba, takarda muka bi. Ga yatsanka a kanta."

"To karanta min in ji abin da yatsana yac ce."

Is'haƙa ya buɗe takardar ya mayar masa da ita Hausa: daga marke uku har doguwar tsamiya. Ya nuna ta tudu.

Tsohon ya dubi tsamiyar, ya dube shi. "Yaro, tsamiyad doguwa nic ce maka. Waccan ta hwadama, bakin tapki. Wagga ta tudu mi tat tsare? Ko jaki ba shi tsoronta."

Modibbo ya yi dariya. Fulani da Arawa abokan wasa ne, kuma su biyun sun shekara arba'in suna tsokanar juna. "Na daɗe ina hwaɗi, Ba'are in haƙoransa sunka zube a daina kai shi shaida."

"Rufe min baki, Bahillace. A ranar haƙorana talatin. Kai shekara nawa shanunka ka shan ruwa albarkacin wadda kake cewa babu ta?"

"Ni ban san ta ba, Allah nis sani. Amma tunda tsoronta ya hana ku noma wurin, Allah shi ƙara muku tsoro."

Is'haƙa bai yi dariya ba. Wannan karo ya ji harafin sarai. Ya kuma gane abin da ya sa burtalin ya tsira a fadama duk da ƙasar wurin ta fi ta ko'ina kyau: babu manomin Garin Kwana da zai sa hauya kusa da wannan itace. Layin da ya rubuta ya bar tapkin a waje, ya ratsa gonakin gida huɗu.

Mai awon da shirin ya ɗauko daga Yamai, Kamaluddeen, ya ja shi gefe. Ba mugun mutum ba ne, kuma ya san da maganar konkur. "Shef, kar ka kashe kanka. Mu gama, a karɓi aiki nan da sati biyu, dosiyenka ya wuce. In ka zauna jarrabawa sai a ta da maganar. Ko kuma mu rubuta cewa dattawa sun sake magana. Kowa ya san tsufa."

Is'haƙa ya ce a dakatar da gini zuwa Litinin. Ya san idan aka sa hannu a karɓar aiki, taswira ta zama doka, gyaranta kuma sai a shekara ana kai da kawowa. A watan Yuni za a yi shuka. Garkunan da ke zuwa daga kudu ba su san Iro ba, ba su san doguwa ba, siminti za su bi, kuma simintin zai kai su cikin hatsin mutane. Ya taɓa zuwa wani ƙauye washegarin irin wannan rana, bai manta abin da ya tarar ba.

Ranar Juma'a da la'asar ya isa gida, ya tarar da Ramatu a tsakar gida tana gyara littattafan 'yan ajinta. Ya gaya mata komai. Ta ajiye jan biro ta sa ya maimaita kalmomin biyu.

"Baban Amira, ni kullum ina zare wa yara ido a kan harafi ɗaya, ashe babbansu na gidana."

"Ba wasa nake ba, Ramatu. Wannan ce ta ƙarshe."

"Na sani, tare muka ƙirga shekarun." Ta ture littattafan gefe. "In ka yi shiru ka ci, ranar da shanu suka shiga gero wa za a aika ya tsaya tsakani? Kai ne dai, da sabon galo."

"In na faɗa, zan tsufa ina riƙe wa wani kujera."

"Ka riƙe. Shekara uku kana riƙe da ita, ba mu kwana da yunwa ba. Amma ka rubuta da kyau, ka ba ni in duba maka kafin ka kai."

Ranar Litinin ya ajiye rahoto mai shafi uku a teburin Kumanda Hafsat. A ciki ya faɗi ranar, ya faɗi wurin, ya ce Iro bai yi kuskure ba kuma bai sake magana ba, marubuci ne bai ji ba kuma bai karanta wa masu shaida abin da ya rubuta ba. Kumanda Bazabarma ce daga Doso. Tana jin Hausa sosai, amma ba da ita aka goya ta ba. Ta karanta sau biyu, ta cire tabarau.

"Faɗi su in ji."

Ya faɗa.

"Ni abu ɗaya nake ji, ajidan. Sake."

Ya sake. Ta girgiza kai, ta leƙa ta taga ta kira direbanta Shamsu, wanda ɗan Lugu ne. Ta ce wa Is'haƙa ya gwada a kansa.

"Shamsu, kumanda na son ka kai ta tsamiya doguwa."

"Wace daga ciki? Suna da yawa."

"To, tsamiyad doguwa."

Shamsu ya dubi makullin da ke hannunsa. "Nan kam in kai ta kusa, ta ƙarasa da ƙahwa."

Kumanda ta sallame shi. Ta daɗe tana kallon rahoton. "Ka san turaku goma sha ɗaya sun tafi a banza, kuma sai na yi wa masu shirin bayani. Ba zan iya rubuta cewa dosiyenka ba shi da tabo ba."

"Na sani, kumanda."

"Me ya hana ka jira sati biyu? Na tabbata wani ya ba ka shawarar."

"Ruwa ba zai jira ba."

Ta ba shi takardar gargaɗi, kamar yadda ƙa'ida ta tanada, ta sa ta a dosiyen tare da rahotonsa. A kansu ta ɗora tata shaidar. Kwafinta yana hannun Is'haƙa har yanzu. A sakin layi na ƙarshe ta rubuta cewa aikin shef ya ƙunshi sa hannu a kan abin da wasu suka rubuta, kuma ta fi amincewa da sa hannun mutumin da ya san yadda takarda ke yin ƙarya ba tare da mai ita ya yi niyya ba.

A watan Afrilu aka sake bin burtalin daga marke uku, wannan karo har ƙarshe da ƙafa, Iro a amalanke. A ranar Is'haƙa ya fara ganin tsamiyar. Gajeriya ce, ba ta fi tsayin mutum biyu ba, rassanta sun bazu har suna taɓa ƙasa, akwai tsohuwar ƙwarya a kife a gindinta. Magina suka tsaya nesa. Aka yi shawara aka kafa turken a taku arba'in gabas da ita, yadda itacen da tapkin duka suka faɗa cikin burtali. Is'haƙa ya rubuta sunan wurin da Hausa kamar yadda ya fito daga bakin Iro, da d biyu, sannan ya yi bayani da Faransanci a ƙasa. Ya miƙe ya karanta takardar duka da ƙarfi kafin kowa ya dangwala yatsa.

"Yanzu ka ji," in ji Iro.

"Ya ji," in ji Modibbo. "Shekara goma sha biyar. Ai Ba'are ne, ya yi sauri."

Da jerin sunayen masu zama konkur ya fito a watan Mayu, babu Is'haƙa a ciki. An ware dosiyensa don a sake dubawa saboda gargaɗin. Ya ci gaba da aiki. Aka yi ruwan shuka, garkunan farko suka haura ta fadama suka sha a tapki, shi da Modibbo suna tsaye a marke uku suna nuna wa baƙin makiyaya cewa kada su bi turakun tudu. Saura kwana huɗu a zauna jarrabawa aka bugo masa waya cewa sunansa ya fito a ƙarin jeri. Ya bar moto a hannun abokin aikinsa, ya hau motar kasuwa zuwa Dutsi, washegari ya wuce Yamai da littafin lissafin da Ramatu ta yi wata huɗu tana bi da shi. An ɗauki mutum goma sha huɗu, shi ne na tara.

Shekara biyun makaranta ba su zo masa da sauƙi ba. 'Yan ajinsu da yawa ya girme su da shekara goma sha biyar, suna ce masa Baba Ajidan, su ne kuma suka koya masa zana taswira a kwamfuta. Shi ya koya musu abin da ba ya cikin darasi: kada a karɓi iyaka daga bakin wanda ke zaune a inuwa, sai an taka an je, kuma sunan wuri ba a fassara shi. A 2022 aka naɗa shi shef, ba a kwamin ɗin da ya riƙe ba, a wani da ke ɓangaren Tibiri, kan hanyar Geceme, inda gero da dawa suka matse burtali fiye da na arewa. Ma'aikata uku ne a ƙarƙashinsa, biyu daga cikinsu ba Hausawa ba ne. Duk takardar iyaka da suka kawo masa, tambayarsa ta farko ita ce ko an karanta wa masu shaida, da wane harshe, kuma wa ya karanta. Har yanzu sau biyu a wata yake zuwa gida.

Iro ya rasu a 2021, Is'haƙa yana makaranta, bai samu zuwa jana'iza ba. Modibbo yana nan, shanunsa na sha a tapkin. Turaku goma sha ɗaya na tudu ba a tone su ba, domin shirin ya ƙare kafin a kai gare su. Manoma sun shafa musu baƙar ƙasa don kada makiyaya su bi su, suna noma a kewayensu. Sabuwar takardar tana ofishin kwamin da na Dutsi, amma babbar taswirar yanki ba a sake zana ta ba, tsohon layi ne a kanta. Is'haƙa ya rubuta sau biyu yana neman a gyara, yana jiran amsa. Akwai kuma wasu takardun iyaka guda shida da ya rubuta a shekararsa ta farko a wasu ƙauyuka, duka da Faransanci, duka ba a karanta wa kowa ba. Ya koma ya bi biyu da ƙafa, ya same su daidai. Saura huɗu.